Kifin gupi suna mutuwa a sabon akwatin gilashi: ina matsalar take?

Tambaya: Malam, yau kwana goma sha biyu da na sayi akwatin gilashi mai cin lita 20 da kifin gupi guda goma, shida maza, huɗu mata. Ranar da na zuba ruwan famfo, ranar na sake su a ciki. Kwana biyar na farko lafiya lau, daga nan ruwan ya fara yin fari-fari, sai na kwashe su na wanke akwatin da soson matatar ruwan tas, na zuba sabon ruwa. Tun daga nan huɗu sun mutu, sauran kuma suna tsayawa a saman ruwa suna haki. A Kano nake. An ba ni shawara in fasa kafso in zuba musu. Me zan yi?

Amsa:

Ɗan'uwa, da farko ajiye kafson nan. Daga bayanin da ka yi, ban ga alamar cuta ba. Ruwan ne ya zama guba, kuma kifin da kansu suke zuba gubar. Kusan duk wanda ya fara kiwon kifin ado ya bi ta wannan hanya, ni ma na bi, kuma shi ya sa mutuwar takan zo a mako na biyu ko na uku, daidai lokacin da mutum ya fara sakin jiki yana kiran abokai su zo kallo.

Ga abin da ke faruwa a cikin ruwan. Kifi yana fitar da wani sinadari da ake kira amoniya, mafi yawansa ta kunnuwansa, wato wurin da yake shaƙar iska. Kashinsa da ragowar abincin da ya nutse ƙasa su ma idan suka ruɓe amoniya suke zama. A kogi wannan ba abin damuwa ba ne, ruwa mai yawa ne kuma yana tafiya. A lita 20 ba ta da inda za ta je. Tana ƙona kunnuwan kifin, shi ya sa kake ganin suna haki a sama ko da famfon iska yana aiki. Abin da ke ceton kifi a tsohon akwati wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani waɗanda ido ba ya gani. Kashi na farko suna cin amoniya su mayar da ita naitirait. Naitirait ɗin ita ma guba ce, tana shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar iska, har jinin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Kashi na biyu, irinsu Nitrospira, su ne suke mayar da naitirait zuwa naitiret, wadda ba ta da illa sosai sai ta taru da yawa, ita kuma canjin ruwa ne yake rage ta. Na san sunayen biyu sun yi kama, amma bambancinsu kamar na wuta da toka ne.

Matsalar ita ce waɗannan bakteriya ba sa zuwa tare da sabon gilashi, kuma ba su da saurin hayayyafa. Kafin su yi yawan da za su iya da dattin kifi, akan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Sannan ba yawo suke yi a cikin ruwa ba. Manne suke da soson matata, da tsakuwar ƙasa, da jikin gilashi. To ka ga abin da ya faru ranar da ka yi wanka tas: 'yan kaɗan ɗin da suka fara kafuwa cikin kwana biyar, ka goge su, sinadarin kulorin da ke cikin ruwan famfo ya ƙarasa sauran, aka koma ranar farko da kifi waɗanda sun riga sun jigata. Gyaran gangar auzinawa ke nan, duk da niyyarka mai kyau ce. Shi kuwa farin da ruwan ya yi, wasu bakteriya ne daban da suke bunƙasa idan abinci ya yi yawa a sabon ruwa. Da ka rage abinci ka ƙyale shi, da kansa zai washe cikin 'yan kwanaki.

Yanzu ga abin da za ka yi yau, kafin ka kwanta.

Ka ɗebe rabin ruwan, lita 10, ba tare da ka fitar da kifin ba. Ka yi amfani da siririn tiyo kana zuƙo ruwan daga ƙasa, don dattin da ya kwanta cikin tsakuwa ya biyo. Ka mayar da sabon ruwa wanda zafinsa ya yi daidai da na akwatin, a hankali, ba kwararawa ba. Daga gobe kuma ka riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu, wato lita 5, kullum, har tsawon mako biyu, sannan ka koma bayan kwana bibbiyu. Wannan canjin ba ya kashe bakteriyar, tunda na gaya maka ba a cikin ruwan suke ba. Kana yi musu aikinsu ne da bokiti kafin su yi ƙarfi.

Ruwan da za ka zuba kuwa, idan na famfo ne, dole a kashe kulorin ɗin da ke ciki. Hanya mafi aminci ita ce ɗigon maganin kashe kulorin da masu sayar da kifin ado suke sayarwa, ƙaramar kwalba takan daɗe. Idan ba ka same shi ba, ka tara ruwan a buɗaɗɗen bokiti kwana ɗaya zuwa biyu, kulorin zai fice. Sai dai akwai wani nau'insa da ake kira kuloramin, wanda ajiya ba ta fitar da shi, shi ya sa na fi son maganin. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin idan ba a zuba a tanki ba, kuma sau da yawa gupi suna jin daɗinsa, amma shi ma ka bar shi ya kwana, don yana fitowa daga ƙasa da ƙarancin iska. Bokitin da tiyon su zama na kifi kaɗai. Bokitin da ya taɓa ganin omo ko sabulu kada ya kusanci akwatin.

Abinci: kwana biyu kada ka ba su komai. Na san zai yi maka wuya, domin gupi maroƙa ne, da sun ga inuwar mutum sai su taru a gaban gilashi kamar sun shekara ba su ci ba. Babban gupi mai lafiya yana iya yin kwanaki ba abinci ba abin da zai same shi. Bayan kwana biyun, sau ɗaya a rana, ɗan abin da za su cinye cikin minti ɗaya. Duk abin da ya nutse ya kwana, amoniya ce ta gobe. Idan akwai yara a gidan, ka ɗaga robar abincin sama. Na taɓa rasa akwati guda saboda wani ɗan baƙo ya ji tausayin kifi ya juye musu rabin roba.

Sai gishiri. Ka narka ƙaramin cokalin shayi ɗaya a kowace lita 10, wato cokali biyu a akwatinka, a kofi daban sannan ka zuba a hankali. Amfaninsa shi ne yana rage shigar naitirait cikin jinin kifi, kuma gupi suna jure gishiri fiye da yawancin kifin ruwan daɗi. Ka lura, gishiri ba ya bin tururi. Idan ruwa ya ragu saboda zafi ka cika, kada ka ƙara gishiri. Sai idan ka ɗebe ruwa da hannunka ne za ka mayar da gishirin daidai abin da ka ɗebe. Da akwatin ya daidaita ka daina, ba abin yi ba ne har abada, kuma yawancin tsirran ruwa ba sa son sa.

Matatar kuwa kada ka kashe ta, dare da rana. Soson kada ka sake wanke shi a bakin famfo. Idan ya toshe ruwa ya rage gudu, ka matse shi sau biyu ko uku a cikin tsohon ruwan da ka ɗebe daga akwatin, ka mayar. Launin ƙasa-ƙasan da yake yi ba ƙazanta ba ce, jarinka ne.

Akwai gajeriyar hanya, kuma ita nake fara ba kowa shawara. Idan ka san wani mai akwatin da ya wuce wata uku kuma kifinsa lafiya, ka roƙe shi ya yanko maka ɓangaren soson matatarsa, ko ya ba ka tsakuwa cike da hannu. Ka ɗauko a leda da ruwan akwatinsa, kada ya bushe, kada ya daɗe a rana, ka cusa a matatarka. Kamar yadda ake ɗiban tsohon nono a zuba a sabuwar madara don ta yi kindirmo ne. Wannan yana iya rage jiran sosai. Bakteriyar kwalba da ake sayarwa ban cika dogara da ita ba a ƙasarmu, abu ne mai rai, kuma ba ka san wata nawa ya yi cikin zafin shago ba.

Game da kafso: maganin ƙwayoyin cuta ba ya tambayar wace bakteriya ce mai amfani. Zai iya kashe waɗanda kake jira su kafu, amoniya ta sake hawa, kifi su ƙara mutuwa, kai kuma ka ɗauka cutar ce ta yi ƙarfi ka ƙara wani kafson. Haka shi ma shuɗin maganin kifi da ake ɗigawa a ruwa yake yi wa bakteriyar da ke cikin matatar. Yana da ranarsa, amma a wani mazubi daban.

Idan aljihu zai iya, ka sayi ma'aunin ruwa na ɗigo, wanda ake ɗiga sinadari a ƙaramar kwalba a duba launi. Ya fi na tsinken takarda gaskiya. Abin da kake nema: amoniya sifili, naitirait sifili, naitiret ƙasa da miligiram 40 a lita, in son samu ne ma ƙasa da 20. Muddin ɗaya daga cikin biyun farko ya kai 0.5, canza ruwa. Za ka ga amoniya ta hau ta sauka, sai naitirait ta hau ta daɗe kafin ta sauka, a nan ne mutane suke karaya. Ranar da biyun suka tsaya a sifili mako guda a jere, akwatin ya nuna. Ka auna ruwan da kake zubawa shi ma sau ɗaya, domin rijiyoyin cikin gari da ke kusa da masai sukan zo da tasu naitiret ɗin.

Bari in tsaya a kan zafi, don a nan ne shawarar littattafan Turai ba ta yi mana daidai. Su damuwarsu hita ce. Mu damuwarmu bazara. Gupi ya fi jin daɗi tsakanin digiri 22 da 28. A Kano, watan Afrilu, waje yana haura 40, ruwan ƙaramin akwati a ɗaki mai kwano yana iya wuce 32. Illa uku ce take haɗuwa. Ruwan zafi yana riƙe iska kaɗan: a digiri 20 kusan miligiram 9 a lita, a digiri 30 kusan 7.5. Jikin kifi kuma yana ƙara buƙatar iskar daidai lokacin da ta ragu. Sannan amoniya tana ƙara dafi idan zafi ya hau, haka kuma idan ma'aunin tsamin ruwa, wanda ake rubutawa pH, ya hau. Daga pH 7 zuwa 8, kason amoniya mai dafi yana ninkawa kusan sau goma. Ga shi kuma gupi sun fi son ruwa mai pH 7 zuwa 8, mai ɗan nauyin ma'adinai. Wato ruwan da ya fi dacewa da su shi ne wanda kuskure ya fi tsada a cikinsa.

Maganin zafin ba mai wuya ba ne. Ka ɗauke akwatin daga taga da duk inda rana ke taɓawa, ka kai shi ɗakin da ya fi sanyi. Ƙaramar fanka mai hura saman ruwa tana sauke digiri biyu zuwa uku, sai dai ruwa zai riƙa raguwa da sauri, ka dinga cikawa. Kada ka jefa ƙanƙara kai tsaye. A lita 20, saukar zafi farat ɗaya ya fi zafin kansa illa. Idan abin ya kai maƙura, ƙaramar robar ruwan sanyi a rufe, ka bar ta tana yawo a sama kana duba ma'auni. Da hunturu kuma, daren Disamba da Janairu ruwan yana iya sauka ƙasa da 20, a nan ƙaramar hita mai wat 25 ta isa lita 20, ko aƙalla a lulluɓe akwatin da bargo da dare. Ma'aunin zafi ba shi da tsada, kada ka yi kiwo da hasashe.

Sai ɗauke wuta. Idan matata ta tsaya awanni da yawa, bakteriyar da ke cikinta suna rasa iska su fara mutuwa, musamman idan matatar rufaffiya ce. Shi ya sa a wurinmu na fi son matatar soso mai aiki da famfon iska, wadda soson yake zaune cikin ruwan akwatin. Akwai ƙananan famfunan iska masu batir ko masu caji, wasu ma da abin cajin waya suke aiki. Ka sayi ɗaya kafin ka sayi wani kifin. Idan wuta ta tafi ba ka da shi, ka riƙa ɗiban ruwan da kofi kana zubawa daga sama jefi-jefi, kuma kada ka ba su abinci ranar.

Akwai abu ɗaya da ke kashe kifi a gidajenmu wanda ba a cika ambata ba: maganin sauro. Sinadarin da ke cikin na fesawa da igiyar leko guba ce mai ƙarfi ga kifi, fiya-fiya kuwa ba a magana. Famfon iska yana zuƙar iskar ɗakin ya tura ta cikin ruwa. Idan za a yi feshi, a kashe famfon, a rufe akwatin da jiƙaƙƙen tawul, a buɗe tagogi daga baya kafin a kunna. Mafi sauƙi, ɗakin da akwatin yake a koma gidan sauro. Hannu ma, idan da man shafawa ko turare, a ɗauraye shi da ruwa zalla kafin a tsoma.

Ruwan leda fa? Mutane suna ganin tunda shi ne mafi tsafta shi ya fi. Ba lallai ba. Wasu masu yin sa suna tace shi har ma'adinan su tafi, gupi kuwa a ruwa maras ma'adinai suna lalacewa a hankali, za ka ga suna rangaji a wuri ɗaya kamar masu iyo amma ba sa gaba. Ruwan sama zalla shi ma haka. Idan butar dafa ruwan gidanku tana yin farin ɓawo a ciki, ruwanku yana da nauyin da suke so. Idan ba ya yi, ɗan dakakken ɓawon katantanwa da aka wanke aka tafasa, a ƙulle a ƙyalle a saka kusa da matata, yana taimakawa.

Yanzu maganar da ba za ta yi maka daɗi ba: kifi goma sun yi wa lita 20 yawa, ko da akwatin ya nuna. Shidan da suka rage ma a bakin iyaka suke. Ni a irin wannan akwati maza uku ko huɗu nake sawa, ba mace ko ɗaya. Dalili, gupi ba ƙwai take yi ba, haihuwa take yi, kusan kowane mako huɗu, 'ya'ya ashirin, talatin, wani lokaci fiye. Macen tana ajiye maniyyin namiji a jikinta, ta ci gaba da haihuwa watanni bayan an raba su, don haka matan da ka saya kusan tabbas da cikinsu suka zo. Ba banza ba Turawa suke yi masa laƙabi da kifin miliyan. Kuma rabon da aka ba ka, maza shida mata huɗu, a juye yake. Namijin gupi ba ya hutawa da bin mace, idan maza suka fi yawa sai su gajiyar da matan har su daina cin abinci. Ƙa'idar ita ce namiji ɗaya, mata biyu ko uku, kuma wannan yana son lita 40 zuwa sama. Gane su ba wuya: namiji ƙarami ne mai launi da faffaɗar wutsiya, fiffikensa na ƙasan ciki siriri kamar tsinke. Mace ta fi girma, takan kai santimita 6, da baƙin tabo a bayan cikinta.

Kada sunan da gupi ya yi na juriya ya ruɗe ka. Asalinsa daga arewa maso gabashin Kudancin Amurka ne, su Benezuwela da Guyana da tsibirin Tirinidad, inda Robert John Lechmere Guppy ya aika samfurinsa zuwa Landan a 1866, sunan ya bi shi, ko da yake Wilhelm Peters ya riga ya bayyana kifin tun 1859. Na dajin ƙanana ne masu taurin rai, an kai su ƙasashe da yawa don su cinye tsutsar sauro, har a magudanan ruwan Legas ana samun su. Amma masu dogayen wutsiya da kake gani a shago an daɗe ana aurar da dangi da dangi don a fitar da launi, sun yi kyau sun rasa ƙarfi. Kwata ba za ta kashe na Legas ba, naka kuwa amoniya kaɗan tana iya jigata shi.

Bayan irin wannan wahala, cuta takan biyo baya, don haka ka sa ido. Idan ka ga fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri a jiki da wutsiya, suna goga jiki da tsakuwa, ƙwayar cutar farin ɗigo ce. Magani ba ya kama ta sai lokacin da ta bar jikin kifi tana yawo a ruwa, saboda haka ana ci gaba da magani kwanaki bayan ɗigon ya ɓace. Idan gefen wutsiya ne yake cinyewa, yawanci tsaftataccen ruwa da ɗan gishirin nan sun isa. Wanda nake tsoro shi ne fari kamar auduga a baki ko a gadon baya, yana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu kuma zafi yana ƙara masa gudu. Wannan ka ware kifin nan take a wata roba mai famfon iska, a can ne maganin ƙwayoyin cuta yake da wuri. Wanda ya mutu kuma a cire shi da an gani.

Tsirrai za su taimaka maka, domin suna shan amoniya da naitiret, kuma jarirai suna samun maɓoya, tunda iyayen cinye su suke yi. Kainuwa tana yi, amma kada ka tsinko ta daga kududdufi ka jefa kai tsaye. Tana zuwa da ƙwari da ƙananan katantanwa, wasunsu kuma su ne masu ɗauke da tsargiya. Ka nema wurin mai kiwo. Murfi ma ka sa, ko da raga ce, gupi suna tsalle.

Kada ka ƙara ko kifi ɗaya sai bayan mako shida, ko sai ma'auni ya nuna sifili biyun nan. Idan lokacin ya yi, ka ɗora ledar da sabon kifin ya zo a ciki a kan ruwan minti 15 zuwa 20 zafi ya daidaita, ka riƙa zuba ruwan akwatinka a ledar kaɗan-kaɗan, sannan ka kamo kifin da raga, ruwan shagon ka zubar. Daga nan canjin ruwa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu a mako. Idan a cikin shidan nan akwai mata, ka fara tambayar abokai wa ke son 'ya'yan kifi tun yanzu, ko ka mayar da matan shago a musanya maka. Rafi ko dam dai kada ka kai su, inda duk aka sake su cinye abincin ƙananan kifin wurin suke yi su mamaye.